Yadda Ake Haɗa Ruwan Khal a Gida da Abarba ko Mangwaro

Shekarar da na fara haɗa khal ba shiri na yi ba. Maigida ne ya biya ta kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano da yamma, ya tarar ana karyar da abarba saboda ta nuna har ta fara laushi, ya kwaso mana guda takwas. Muka sha, muka miƙa wa maƙwabta, aka bar uku suna neman lalacewa, ga wuta babu balle a yi zancen firji. Daga waɗannan ukun na fara. Karon farko ya ɓaci, na biyu ya fito salam babu ƙarfi, sai a na uku na samu abin da zan iya zubawa a kan salak ba tare da jin kunya ba. Yanzu duk lokacin mangwaro da na abarba sai na ɗora, kuma na daɗe ban sayi khal ɗin tuffa a shago ba sai don iri, wato wanda ake tayar da sabo da shi.

Abin da ke faruwa a cikin bokitin

Ma'aikata biyu ne suke aikin, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne yis, irin wanda muke sa wa fanke da waina. Yana cinye sukarin da ke cikin ruwan 'ya'yan itace, ya mayar da shi giya, yana fitar da iska, ita ce kumfar da za ki ga tana tasowa. Na biyu wata bakteriya ce da ake kira Asitobakta, tana nan a jikin ɓawon 'ya'yan itace da cikin ɗanyen khal. Ita kuma giyar take ci, ta mayar da ita tsami, amma ba ta iya komai sai da iskar da muke shaƙa. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ya bayyana aikin wannan halitta a shekarun 1860, ko da yake mutanen garin Orleans sun daɗe suna haɗa khal a ganguna kafin a san dalilin.

Ki riƙe wannan kawai: na farko sukari yake so, na biyu iska yake so. Yawancin waɗanda khal ɗinsu ya ƙi, ko dai sun toshe bakin mazubi lokacin da ake buƙatar iska, ko sun tsuga ruwa har sukarin ya yi kaɗan.

Tunda giya ta shigo zancen, dole a faɗi gaskiya. Babu khal na 'ya'yan itace da bai bi ta wannan hanya ba, har wanda ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, kuma a nan ne aka ruwaito cewa an tambaye shi a kan ɗaukar giya a mayar da ita khal ya hana. Malaman mazhabobi sun yi saɓani a kan iyakar wannan hani. Wasu sun nuna mafita: a zuba tsohon khal a kan ruwan tun kafin ya fara tashi, don bakteriyar da ke cikinsa ta riƙa cin giyar tana fitowa. Haka nake yi, kuma haka zan koya miki. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi kafin ki yanka abarba. Ruwan tsakiyar aikin kuwa ba na sha ba ne, ba na ɗanɗano ba ne, kuma ba a barinsa inda yara za su kai hannu.

Kayan da za ki tanada

Abarba manya guda 3, nunannu sosai. Mai laushi ba laifi, amma wadda ta yi baƙi ko fumfuna ta kama, ki yar.

Sukari, gwangwanin madara ɗaya a shafe, wato kusan giram 130.

Yis na burodi, rabin ƙaramin cokali.

Ruwa lita 1, wanda aka tafasa ya huce.

Ɗanyen khal, rabin lita da ɗan ƙari. Shi ne iri. Ki nemi mai duhu-duhu wanda idan kika ɗaga kwalbar za ki ga laka ta kwanta a ƙasa, irin su Bragg. Farin khal mai haske kamar ruwa an riga an tace shi, babu mai rai a ciki.

Mazubi mai faɗin baki da zai ci lita 5. Babbar kwalbar gilashi ta fi, don kina ganin abin da ke gudana. In babu, farin bokitin kastad ya wadatar.

Farin ƙyalle mai ƙananan ido, irin na tatar koko, guda biyu: ɗaya na tata, ɗaya na rufi. Sai roba ko igiya ta ɗaurewa.

Bilenda ko magogi, wuƙa, ludayin roba ko sabuwar muciya, da kwalabe masu murfin roba na ajiya.

A kan mazubi zan ɗan tsaya, don nan ne haɗarin gaske yake. Kada ki yi amfani da tukunyar alminiyam ko ta dalma, ko kwanon ƙarfe, ko bokitin kwano, ko wani abu na tagulla. Tsami yana cin ƙarfe, ƙarfen ya narke a cikin abin da za ki ci. Na taɓa barin wani a tukunyar alminiyam kwana huɗu kawai saboda bokitina yana da aiki, na dawo na samu ruwan ya yi toka-toka, cikin tukunyar kuma ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana. Bokitin fenti ma a'a, ko an wanke shi sau goma. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir, maganin feshi na gona ko fiya-fiya, wannan ko kusa. Roba tana shan abin da aka zuba mata, tsami kuma yana jawo shi waje.

Muciyar da kike tuƙa tuwo ko juya miya da ita ma ki bar ta a inda take. Maiƙo da gishiri da yaji sun shige ta.

Matakan aiki

1. Wanke kaya

Ki wanke mazubi, ludayi, wuƙa da ƙyallen da sabulu, ki ɗauraye sosai, sannan ki kwarara musu tafasasshen ruwa. Idan gilashi ne, ki fara ɗumama shi da ruwa mai ɗumi kafin mai zafin, in ba haka ba ya tsage. Ki kife su su bushe da kansu, kada ki goge da tsumman kicin. Ba na amfani da bilic a nan, domin ko kaɗan ya rage zai kashe yis, kuma bilic da khal idan suka haɗu suna fitar da iska mai guba. Wannan ki riƙe shi har bayan kin gama, ranar da za ki yi goge-goge da khal ɗin.

2. Fitar da ruwan

Ki wanke abarbar da ruwa zalla, ki fere. Ki ware ɓawo kamar tafin hannu biyu mai kyau, za mu buƙace shi. Ki yanka naman har da tsakiyar nan mai tauri, ki markaɗa, ki tace da ƙyalle kina matsewa. Abarba uku manya za su ba ki wajen lita 2. Ba sai ya fita tas ba, ɗan tuƙar da ya bi ba ya hana komai.

In babu wuta, magogin kuɓewa yana yi, sai dai hannu ya gaji. Turmi kam ban ba ki shawara ba, sai in kina son khal mai ɗanɗanon daddawa.

Kada ki ce za ki huta ki sayi lemon kwali. Da yawa daga cikinsu akwai maganin hana lalacewa, aikinsa kuwa shi ne hana yis motsi. Za ki zauna mako guda kina jiran kumfar da ba za ta zo ba.

3. Daidaita zaƙi

Nan ne ƙarfin khal ɗinki yake fitowa. Kusan giram 17 na sukari a lita ɗaya shi ke ba da kashi 1 cikin 100 na giya, giyar kuma ita ke komawa tsami kusan daidai da yawanta. Khal na kasuwa yawanci kashi 5 cikin 100 ne. A lissafi giram 85 kenan, amma don a samu rara kina buƙatar sukari tsakanin giram 100 zuwa 130 a kowace lita. Ruwan nunanniyar abarba zalla ya riga ya kai wannan da kansa. Ruwan da kika ƙara ne ba shi da komai.

Saboda haka ƙa'idar mai sauƙi ce: ruwan abarba zalla ba ya son sukari, amma duk lita ɗaya ta ruwa da kika ƙara, ki bi ta da gwangwanin madara ɗaya na sukari. Ki narkar da sukarin a ruwan da kika tafasa tun yana da ɗumi, ki bari ya huce, ki juye a kan ruwan abarbar. Yanzu kina da lita 3.

Kada son ƙarfi ya sa ki ninka sukarin. Idan giyar ta yi yawa, bakteriyar ba ta iya rayuwa a ciki, sai aikin ya tsaya a inda ba a so ya tsaya.

Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, shi ya sa nake tafasawa. Na rijiya da na bohol ma a tafasa, saboda wasu ƙwayoyin da ba mu gayyata ba.

4. Tayar da yis

Ki zuba rabin ƙaramin cokali na yis a ɗan ruwa mai ɗumi, ɗumin da za ki iya yi wa jariri wanka da shi, da ɗan sukari. Bayan minti 10 zuwa 15 zai yi kumfa. In bai yi ba, ya mutu, ki sake sabo. Ki juye a mazubi, ki jefa ɓawon nan da kika ware, ki zuba gwangwanin madara ɗaya na ɗanyen khal, ki juya. Kada khal ɗin ya wuce haka a wannan mataki, domin tsami mai yawa yana danne yis.

Mazubin kada ya wuce kashi biyu cikin uku, kumfa tana buƙatar wuri. Ki rufe da ƙyalle, ki ɗaure bakin tamau. Ki rubuta kwanan wata a takarda ki manna, ki ƙara da "ba na sha ba ne".

Ƙyalle na ce, ba murfi ba. A karona na farko na ɗura ruwan a gorar roba na murɗe murfin, wai don kada ƙura ta shiga. Dare na biyu muka ji ƙara daga sito kamar tayar babur ta fashe. Gorar ta tsage daga gefe, ruwan ya wanke bango har silin, buhun shinkafa ya sha rabonsa, kiyashi kuma suka yi mako suna biki. Da kwalbar gilashi ce, kuma da akwai yaro a kusa, da labarin ya canza.

In ba ki da yis, wanda ke jikin ɓawon zai iya tayar da shi. Zai ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin ya motsa, kuma fumfuna ta fi samun dama a wannan jiran.

5. Makon kumfa

Cikin kwana ɗaya za ki ga ƙananan kumfa, in kika kara kunne za ki ji yana ɗan tsuwa. Kullum sau ɗaya ki buɗe, ki juya da ludayi mai tsabta, ki danna ɓawo da tuƙar da suka taso su nutse, ki mayar da ƙyalle. Duk abin da ya daɗe a sama yana shan iska a bushe, shi fumfuna take fara kamawa.

Tsakanin kwana 5 zuwa 8 kumfar za ta lafa. Alamomin uku ne, kuma babu mai buƙatar harshe: tsuwar ta daina, tuƙa ta koma ƙasa ruwan ya fara washewa, sannan idan kika ɗiga a yatsa ya bushe ba ya danƙo.

Wata za ta iya ce miki ki zuba sifirit don a yi sauri. Kada ki saurare ta. Sifirit na shago ba na ci ba ne, wani ana haɗa shi da mitanol, wanda ke makantarwa kuma yana kisa. Shi ne gubar da ta hallaka mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo a 2015 bayan sun sha ogogoro, wata barasar gargajiya. Babu abin da ke shiga bokitin nan sai 'ya'yan itace, ruwa, sukari, yis da khal.

6. Tacewa da zuba iri

Ki tace ruwan da ƙyalle mai tsabta zuwa wani mazubi, ki bar lakar ƙasa, ki zubar da ita tare da ɓawon. Ki wanke mazubin farko, ki mayar da ruwan. Wajen mayarwa ki ɗaga hannu ya zuba daga sama, ki yi haka sau biyu ko uku kamar mai shayi yana fifita shayi. Iska kike ba shi.

Sai ki zuba rabin lita na ɗanyen khal, wato kusan kashi ɗaya na iri a kan kashi biyar ko shida na ruwan. Ki girgiza kwalbar irin kafin ki zuba, don masu aikin suna cikin lakar. Ki rufe da busasshen ƙyalle ki ɗaure.

Faɗin baki ya fi zurfi amfani. Lita 3 a bokiti mai faɗi za ta riga lita 3 a jarka mai ƙaramin baki da makonni.

In babu ɗanyen khal ko kaɗan, ki zuba farin na shago daidai wannan awo. Ba zai kawo masu aiki ba, amma zai sa ruwan ya yi tsamin da fumfuna ba ta so, har bakteriyar da ta zo daga ɓawon ta yi ƙarfi. Ki ƙara wa lissafinki mako biyu ko uku.

7. Jira

Yanzu aikinki shi ne ki ƙyale shi. Ba juyawa, ba girgizawa, ba ɗauka daga nan zuwa can. Ki ajiye a wuri mai duhu da iska ke ratsawa.

Zafin da bakteriyar ta fi so shi ne digiri 25 zuwa 30. A bazara, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura 40, kicin mai rufin kwano zai iya kashe ta. Ni a watan Afrilu kusa da randa nake ajiyewa, a ƙasa, na naɗe jikin bokitin da jiƙaƙƙen buhun algarara, bakin kuma a buɗe ƙarƙashin ƙyallensa. Da hunturu akasin haka ne: sanyin dare yana sa ta barci, sai a naɗe da tsohon bargo, a kuma ninka ƙyallen saboda ƙura.

'Yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro za su zo, ko daga ina ne. Gidan sauro ba ya tare su, idonsa ya yi musu faɗi. In suka samu shiga za su yi ƙwai, ki buɗe ki ga tsutsa. Ki duba ɗaurin kullum.

A mako na farko ko na biyu wani wari zai taso mai kama da ruwan goge jan farce. Kada ki tsorata, alama ce aiki yana tsakiya, zai wuce. Sannan wata fata za ta fara shimfiɗuwa a saman ruwan, da farko siririya kamar yanar da ke kan kunu, daga baya ta yi kauri da santsi kamar dafaffen ganda. Ita ake kira uwar khal. In kika motsa bokitin ta nutse, ba ta lalace ba, amma sai wata ta sake fitowa daga farko, kin yi asarar kwanaki.

Ki san bambancinta da fumfuna. Uwa a jiƙe take, sumul, launinta fari-fari ko ruwan madara mai shayi. Fumfuna a bushe take, tana da gashi-gashi, kore ko baƙa ko shuɗiya, tana fitowa tsibi-tsibi. In kin ga wannan, kada ki kwashe saman ki ci gaba. Ki zubar duka, ki ƙona mazubin da ruwan zafi. Haka in ya yi warin ruɓa ko na ƙwai da ya lalace. Abarba uku ba su kai lafiyar gida ba.

8. Gane ya yi

Daga mako na uku bayan tacewa ki fara shinshinawa. Yawanci yana kaiwa mako 4 zuwa 6. Idan ya yi, warin giya da na jan farcen sun tafi gaba ɗaya, tsamin yana dukan hanci har ki kau da kai. Sai a lokacin za ki ɗiga a cokali ki taɓa da harshe, ki gwada da na shago. In akwai takardar gwajin tsami, irin wadda ake samu a shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje, ki nemi lamba 3 ko ƙasa da haka kaɗan.

Da zarar ya yi, kada ki bar shi a buɗe wai ya ƙara ƙarfi. Idan bakteriyar ta cinye giyar ta rasa abinci, sai ta juya kan tsamin da ta yi, khal ɗin ya koma lami. Abin da ya sami nawa na biyu kenan, na yi tafiya biki na bar shi wata uku.

9. Ɗurawa

Ki wanke hannu, ki ɗauke uwar ki sa a ƙaramar kwalba, ki rufe ta da kofi biyu na sabon khal ɗin. Irin gaba kenan, kin huta da saye. Sauran ki tace da ƙyalle ninki biyu, ki ɗura a kwalabe har wuya, ki rufe sosai. Yanzu ne murfi yake da amfani. Na roba, don na ƙarfe zai yi tsatsa.

In kina son ya tsaya yadda yake, kada wata uwar ta sake fitowa a kwalba, ki ɗumama shi a tukunyar silba marar tsatsa, wato stainless, ba ta alminiyam ba, zuwa digiri 65 ko 70 na minti 10. In babu ma'auni, ki sauke wutar da zarar tururi ya fara tashi, kafin ya yi ko alamar tafasa. Tafasawa tana korar tsamin da ƙamshin. Ni ba na ɗumama nawa. In ya kwana wata biyu a kwalba kaifin yana laushi, ƙamshin abarbar ya dawo.

Abin da za ki yi da shi, da wanda ba za ki yi ba

Yana yi a salak, a jiƙa nama kafin a gasa, a wanke kabeji da latas, a cire farin dattin da ke kama cikin butar shayi. Amma tunda ba ki san ainihin ƙarfinsa ba, kada ki dogara da shi wajen adana kayan lambu a kwalba na watanni. Wannan aikin na shago ne mai kashi 5 a rubuce. Masu shansa da safe kuma, cokali ɗaya a cikin kofin ruwa ya isa. Zallansa yana cin haƙori yana ƙona maƙogwaro, mai gyambon ciki ya bar shi, mai ciwon suga kuma kada ya ajiye maganin asibiti saboda shi.

In mangwaro za ki yi

Hanyar ɗaya ce, sai dai mangwaro kauri gare shi, ba ya tatuwa. Ki markaɗa naman, ki auna, ki ƙara ruwa daidai yawansa, kowace litar ruwa da gwangwaninta na sukari, ki bar tacewar sai a mataki na 6 lokacin da ya saki. Ki riƙa juyawa sau biyu a rana, don tuƙarsa tana taruwa a sama ta yi tauri. Mai zare ɗin nan na gida da ake sayarwa a kwando da araha ya fi manyan na aure ƙamshi a khal. Kankana ruwa ne ya yi mata yawa, zaƙinta bai kai ba, sai an ƙara mata rabin gwangwani a kowace lita ko ba a sa ruwa ba, kuma tana saurin ruɓa a zafi. Ruwan rake yana bayar da khal mai kyau, amma zaƙinsa ya wuce awo, ki sirka kofi uku nasa da kofi ɗaya na ruwa, ba sukari. Dabino a jiƙa shi kwana ɗaya a tafasasshen ruwa, a cire ƙwallo, a dama. Nasa ne ya fi kowane duhu, kuma shi nake ɓoyewa don naman Babbar Sallah.